Kunyar Ɗan Fari Ta Kusa Raba Ni da Ɗana

Ina ba shi nono da hantsi, kwanansa ashirin da uku a duniya, sai ya saki, ya yi ta tari a jere har numfashinsa ya ɗauke, leɓɓansa suka yi baƙi, kafin ya dawo. Shekarata goma sha tara, ban daɗe da gama sakandare ba, na zo wanka gidanmu a wani ƙauyen Faskari, maigidana yana koyarwa a Ƙanƙara. Na san abin da na gani ba lafiya ba ne. To amma ɗan fari ne, kuma a gidanmu ko kallon ɗan fari ba a yi gaban manya, balle a nuna an damu. Sai na ja bakina na yi shiru.

Kwana huɗu ina wannan shirun. In ɗaki ba kowa, in rungume shi in kara kunne a ƙirjinsa. Da na ji takun Inna, mahaifiyata, in ajiye shi in kau da kai. Ita ta ɗauka mura ce, har ana maganar kiran wanzami ya duba beli. Ban ga laifinta ba, ni kaɗai nake ganin shiɗewar.

Gwaggona ce ta zo daga Sabuwa ta tarar ya shiɗe a cinyata, ina hawaye ba sauti. Ta ce ashe boko bai raba ni da wauta ba, ta tambaye ni ko kunyar zan goya in ya tafi. Ta saɓa shi a kafaɗa, ta tsai da motar kasuwa, sai asibiti. Likita ya ce tarin shiƙa ne, ƙila ranar suna ya ɗauka da ake yawo da shi hannu-hannu. Ya ce jariri kamarsa bai isa allurar rigakafi ba, kuma sau da yawa ba ya shiƙar da ake gane ciwon da ita, numfashi ne kawai ke tsayawa.

Har yanzu ko atishawa ya yi sai gabana ya faɗi. Ina roƙon masu jegon fari, in kun ga abin da bai yi muku ba, ku faɗa, ko gaban wa. A raba jariri da mai tari, in lokacin allura ya yi a kai shi.

Ranar da muka kwana goma sha ɗaya a asibiti, bayan azahar, nas ta ce ya haye. Na sunkuyar da kai. Inna ta ɗora mini shi a cinya, ta ce za ta je alwala, kuma za ta daɗe.