Ƙahon da Hashimu Ya Kafa wa Kaltume

Duk ƙauyukan da ke yamma da Bici ba wanda bai san maƙwabcina Hashimu wanzami ba. Shi ya yi wa 'ya'yana kaciya. Mutum ne mai surutun tsiya, yana maka aski yana ba ka labarin da ba ka tambaye shi ba, amma wallahi hannunsa ba ya rawa. Gadon aikin ya yi wurin ubansa, kuma ba abin da yake taƙama da shi kamar ƙaho.

Bara, bayan cirar gyaɗa, wani ciwo ya kama matarsa Kaltume. Jajayen ɗigo-ɗigo suka feso mata a ƙwauri kamar an watsa garin barkono. In ta yi asuwaki bakin ya cika da jini. Haɓo ya ɓalle mata tana cikin daka. Ga baƙin shaci a baya da cinya, alhali ba ta bugu da komai ba.

Na ce masa ya kai ta asibiti. Ya yi dariya. "Mataccen jini ne ya taru, Muhammadu Sani. Wannan ai aikina ne."

Ya zaunar da ita, ya tsattsaga bayanta, ya kafa ƙaho. Aka cire, jini ya ƙi tsayawa. Ya danna, ya barbaɗa magani, ya ɗaure da zani, zanin ya jiƙe sharkaf. Innalillahi! Ihunsa ne ya fito da ni.

A asibiti a Kano, likita ta ce mana akwai ƙananan ƙwayoyi a cikin jini masu toshe rauni. Garkuwar jikin Kaltume, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ta juya tana cinye su. Ba sammu ba ne, kuma yana da magani. Ta ɗaga zanin, ta duba bayan Kaltume.

"Wa ya yi mata wannan tsaga?"

"Ni ne," in ji Hashimu. "Ni ne mijinta."

Aka ƙara mata jini, amma ina! Washegari da hantsi ta cika.

Har yau ina jin haushinsa, sai dai tausayi ya fi yawa. Da muka kawo ta gida, tsohuwar da ke mata wanka ta leƙo zaure, ta kira shi a hankali. Wai tsagar tana ɓata likkafani da jini, ko ya san abin da za a sa?

Ya ce mata:

"Inna, ban sani ba."