Rubutu Biyu a Littafi Ɗaya

Hannun rigar Malama na dama kullum ya fi na hagu fari, saboda alli. Bakwai saura take shigowa, ta buɗe tagogin aji biyu, ta gyara dutsen da ke tokare da bencin baya, sannan ta zauna gaban tulin littattafan yara. Shekara talatin da huɗu tana haka. Ranar Alhamis da ta wuce ta ajiye aiki.

Iyaye da yawa suna da abin faɗa a kanta. Amma akwai labari guda da mai shi ba ta taɓa faɗa ba. 'Yar mai labarin ce ta bayar, bayan ta nemi izinin uwarta.

Matar mai ɗinki ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Mijinta direba ne, yakan yi mako biyu a hanya, don haka ita ke jinyar surukarta mai hawan jini. Magani kala huɗu, kuma da launin kwali take gane su. Wata rana aka sauya kwalin, ta ba tsohuwar iri ɗaya sau biyu. Kwana uku suka yi a asibiti. A bakin gadon ƙanwar mijin ta ce, "Matar yaya, ke dai ki tsaya kan kekenki. In aka sake, wurina Inna za ta koma."

Shekara goma sha biyu suna gida ɗaya, kuma tsohuwar ba ta taɓa kiranta da komai ba sai 'yata.

Daga nan, in autarta da ke ajin Malama ta gama aikin da aka ba su a makaranta, sai matar ta ɗauki littafin ta buɗe shafin ƙarshe, ta kwaikwayi abin da ke jikin kwalin magani, ta goge. Rannan baƙi suka yi sallama, ta manta ba ta goge ba.

Malama ta ga haruffa manya, an danna fensir har ya kusa huda takardar. Ta kira yarinyar.

"Auta, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Malama."

"To, madalla. Hannunki ya girma da wuri."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta gyara harafi biyu da suka juya baya, ta rubuta a ƙasa: safe, rana, dare, bayan abinci. Da littafin ya dawo gida, kunya ta hana matar taɓa shi har kwana huɗu. A na biyar sai ga Auta da sabon littafi. "Mama, wai Malama ta ce na manyan hannu ne."

Auta ta wuce aji uku, ta wuce aji huɗu, littafin bai daina zuwa teburin Malama ba. In sun haɗu a hanya su gaisa, a tambayi jikin Inna, a tambayi yara, kowa ta wuce. Ko sau ɗaya ba a ambaci littafi ba.

Ba a sake kuskuren maganin ba. Tsohuwar takan miƙo hannu ta ce, "Likitar gida, yau nawa za ki ɗura mini?" Ta ƙara shekara bakwai a gidan, kuma a hannun surukarta ta cika.

Malama, ke ce kika ga babbar mace a shafin yarinya kika rufa mata asiri. Ke ce mai gyara ba tare da tonawa ba. Babu takardar aiki da ta ɗora miki wannan ɗaliba, babu mai duba makarantu da ya san da ita. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa a duba ki kamar yadda kika duba mutane. Masu shiga aji yanzu, ku riƙa buɗe littafin yaro har ƙarshe. Wani lokaci gida guda ne a ciki.

Ranar bankwana an ajiye babban littafi a bakin ƙofa domin masu fatan alheri. Ana tsakiyar jawabai mai ɗinkin ta shigo, ba ta nemi kujera ba. Ta daɗe a sunkuye tana bin shafukan da yatsa, har na bayanta suka fara gyaran murya. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta a hankali: "Na karanta abin da kowa ya rubuta. Duk gaskiya ne."

Malama ta ɗago daga inda aka zaunar da ita, suka haɗa ido. Matar ta ajiye biron, ta gyara mayafinta, ta fita.