Likkafanin da Malam Laouali Ya Kai Virginia

Duk ɗan Nijar da ya rasu a garin Greensboro na Amurka a shekarun nan, hannun Malam Laouali ne ya wanke shi. Aikinsa na cin abinci yankan ciyawa ne a filin golf na Sedgefield, amma da an yi rasuwa sai ya kashe inji, ya ɗauko jakarsa mai kafur da garin magarya da ake aiko masa daga Maraɗi. Ni Ousseini, direban tasi, ni ke kai shi. Ina ƙaunarsa, amma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Ƙanensa Salifou ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, ya hau kwalekwale zuwa Italiya a 2001. Daga nan shiru. Ya bar matarsa Aissa a Maraɗi da yara biyu. Mahaifin su Laouali da Salifou ba ya raye, Laouali ne babba, don haka dangi suka ce ba zaman makoki sai ya buɗe baki. Aissa tana nan a rataye, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba.

Na sha ce masa, “Malam, ka ji tsoron Allah, ka saki baiwar Allahn nan ta huta.”

Amsarsa ɗaya ce: “Ni mai wanka ne. Ban ga gawa ba, ba zan ce mutum ya mutu ba.”

Abin da ya ƙara lalata lamarin ya faru a 2002. Akwai wani jirgin ruwan yaƙi na ƙarfe, mai suna Monitor, da guguwa ta nutsar a gaɓar North Carolina, jihar da muke zaune, tun 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, da mutum goma sha shida. A shekarar aka ciro ɗakin igwarsa daga ƙasan teku, aka tarar da ƙasusuwan mutum biyu a ciki. Laouali ya yanko hoton ɗakin igwar a jarida ya sa a aljihu. Da na ta da maganar Aissa sai ya zaro shi ya kaɗa mini a fuska.

“Ka gani? Teku na mayar da mutane. A jira.”

Shekara biyar muna wannan, hoton har ya yi laushi kamar tsumma. A 2007 ya ji an buɗe wurin kallon kayan jirgin a jihar Virginia, ya ce in kai shi. Na ƙi, ya yi fushi, na kai shi. Da zai shiga mota na ga ƙunshi a hammatarsa.

“Mene ne wannan kuma?”

“Likkafani biyu. An ce har yau ba a binne bayin Allahn nan ba.”

“Haba Malam! Su ba Musulmi ba, ba danginka ba!”

“Gawa ce dai, ko ba gawa ba ce?”

Muka kama hanya, tafiyar awa huɗu.

Ɗakin igwar yana jiƙe a cikin wani ƙaton tanki, muka leƙa ta gilashi. Wata dattijuwar Baturiya mai zagayawa da baƙi ta zo, ni nake fassara. Ta ba mu labarin abin da aka samu tare da mutanen: cokula, maɓallai, mataji, zoben zinariya a yatsan ɗaya. Ɗayan kuma takalminsa wari-wari ne, ƙafar dama daban, ta hagu daban.

Laouali ya ce a hankali, “Sauri ya yi. Abin da hannunsa ya taɓa ya zura.”

Sai ya miƙa mata ƙunshin. Kunya ta kama ni, kamar in nutse, amma na yi mata bayani. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙasusuwan ba sa nan, suna can Hawaii ana bincike, kuma har yanzu ba a gano ko su waye ba.

Ya ce in tambaye ta, to iyalansu fa? Wa zai karɓe su?

Ta ce wa ya rage? Iyayensu, da matansu in suna da su, da duk wanda ya san fuskarsu, sun mutu tun tuni.

“Shekara nawa ke nan?”

“Ɗari da arba’in kafin a ciro su.”

Ya daɗe yana kallon ruwan tankin. Ni da na zo da shirin in ce ai na faɗa maka, sai na kasa. Tausayinsa ya cika ni.

A hanyar dawowa muka tsaya sallar la’asar a wani gidan mai. Da ya sallame ya ari wayata ya kira Maraɗi. Na ji ya ce, “Aissa, ki yafe mini. Ki shiga takaba.” Ban ji amsarta ba, kukanta kawai na ji, daga inda nake tsaye.

Ranar Asabar aka yi zaman makoki a gidansa, ’yan Nijar da ’yan Gana falo ya cika. Da liman zai fara addu’a aka nemi mai gida aka rasa. Na same shi a banɗaki, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya tara ruwan ɗumi a bokiti, ya zuba magarya da kafur, kamar yadda ya saba yi wa kowa.

Na ce, “Malam, ana jiranka.”

Ya dube ni, hannuwansa na ɗigar ruwa.

“Ousseini, na wanke ’ya’yan mutane kaf garin nan. Nawa fa, ta ina zan fara?”