Iya da 'Yan Masaƙa

A unguwar Ulaisha ta birnin Riyad aka haife ni, a wani tsohon bene mai ɗaki biyu, kuma har na kai shekara tara Hausata ba ta wuce ta amsa kira da neman ƙarin tuwo ba. Ni da ƙanwata Hindatu da Larabci muke faɗa, da shi muke shiryawa. A haka kakarmu, mahaifiyar Baba, ta zo daga ƙauyensu na ƙasar Maraɗi ta same mu. Iya muke ce mata. Ta dube mu sama da ƙasa, ta ce wa Baba, "Waɗanga ɗiyanka ne, ko na maƙwabta ka aro?"

Sanyi biyu ta yi tare da mu. Wanda bai zauna Riyad ba yana zaton zafi kaɗai gare ta, alhali sanyinta har ƙashi yake shiga. Iya ta ƙi hitar ɗumama ɗaki, wai tana busar mata da maƙoshi. Dole Baba ya sayo kasko da buhun gawayi. Da an idar da magariba sai mu hau saman bene, ta hura wuta, ta ɗora shayi, ta jawo mu jikinta. Ta gwada mu da Gizo, muka yi ta hamma. Ta gwada mu da kura, Hindatu ta tambaya ko ana sayar da ita a kasuwar Batha. Ni kuwa kunnena yana ƙasa, wajen talabijin, inda ake ƙwallo.

Baba direban wani injiniya ne, Bature, mutumin wani ƙaramin gari a arewacin Ingila. Kulob ɗin ƙwallon garinsu ba wanda ya taɓa jin sunansa a unguwarmu, amma duk Asabar Baturen nan ba shi da sukuni sai ya ji sakamako. In an ci su, har Baba ya kai shi gida ko tari ba ya yi. A cikin cunkoson hanya ya ba Baba tarihin kulob ɗin kaf, ya kuma ba shi wani dogon ƙyallen wuya mai ratsin shuɗi da fari, irin wanda magoya baya ke ɗagawa. Baba ya kawo labarin gida don a yi dariya. Iya ba ta yi ba. Ta karɓi ƙyallen ta naɗa a wuya, ta sa Baba ya sake labarin daga farko.

Washegari da wuta ta kama, ta ce, "To ga ta nan tafe, yau daga ƙasar Turawa ta fito." Na gyara zama.

Wai an yi wani gari na masaƙa, inda kowa ke tashi da ƙarar inji ya kwanta da ita. Ma'aikata ba su da hutu sai yammacin Asabar. Suka roƙi mai masaƙa ya ba su wani fegi a bayan gari, suka tsince duwatsunsa da hannu, suka kafa turaku, matansu suka ɗinka musu riguna da ragowar yadi. Suka yi ta cin maƙwabta har sunansu ya kai birni, har wata shekara suka ɗauko kofi, gari ya kwana ana kiɗa. Ana nan sai masaƙa ta mutu. Samari suka ɗaure kaya, wannan ya yi birni, wancan ya haye teku. Kulob ya riƙa gangarowa daga rukuni zuwa rukuni kamar guga a rijiya. Amma akwai wani tsoho da duk Juma'a yake fitowa da bokitin farar ƙasa ya zana layin fili, ko da mutum goma ne za su zo kallo. Baba ya rantse Bature bai taɓa ambatar wani tsoho ba. Iya ce ta sa shi.

"Me ya sa yake wahala?" na tambaya da gurguwar Hausata. "Ai cin su ake yi."

"Maigidana, kai dai ba ka da wayo," in ji ta, tana tona gawayi. "In layi ya ɓace, fili ya koma makiyaya. Waɗanda suka tafi, in sun komo, ina za su tsaya?"

Mun riga mun koyi cewa tatsuniya da ƙurunƙus ake rufe ta, don haka Hindatu ta tuna mata. Iya ta girgiza kai. "Mutane na cikin fili suna wasa, in rufe musu ƙofa? Wagga ba a rufe ta." Daga ranar, duk Asabar Baba zai kawo sakamako, ita kuma ta ɗora daga inda aka tsaya. Ta wannan ƙofar Hausa ta shiga bakina.

Ana jibi za ta koma, ta riƙe hannuna a gaban kaskon. Ta ce gidanta na ƙasa ne, ɗaki biyar, kuma gidan ƙasa in ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, ruwa ne zai gaje shi. 'Ya'yanta maza duk sun watse neman abinci. "Ni ce mai bokitin," ta ce, "amma hannu ya fara rawa. In ka girma ka zo ko damina ɗaya ka yi mini yaɓe." Na ce wallahi zan zo. Ta tafi da ƙyallen.

Na girma. Na samu aiki a shagon kayan mota a unguwar Suwaidi. Shekarar farko na nemi hutu, kafili, wanda takardun zamana ke hannunsa, ya ce bukura inshallah, wato sai gobe. Ta biyu aure. Ta uku sabunta iƙama, takardar izinin zama. Bayan nan kuma, in faɗi gaskiya, ba wanda ya hana ni. Tsoro nake ji in je garin ubana a riƙa nuna ni kamar baƙo. Baba ya rasu, Bature ya daɗe da komawa ƙasarsu, sai ni na gaji duba sakamako. Iya takan turo saƙon murya ta wayar maƙwabcinta, kuma ba ta taɓa cewa yaushe za ka zo ba. Tambayarta ɗaya ce: "Maigidana, mutanena sun ci?"

Sai ga wata shekara kulob ɗin ya durƙushe gaba ɗaya. Mai shi ya yi watsi da shi, aka cire su daga gasa, aka sa wa ƙofar fili sarƙa. A makon nan saƙonta ya zo. Na mayar mata da saƙo, na ce, "Sun ci, Iya, biyu da nema."

"Madalla," ta amsa, muryarta can ƙasa. "Ashe tsohon yana nan."

Da farkon daminar nan ta rasu. Ina tsaye a shago da mai saye a gabana aka faɗa mini. Sun ce ƙyallen yana wuyanta.

Bayan shekara biyu na ci karo da wani bidiyo a waya. Mutanen garin sun karɓo makullin filinsu. Ga tsofaffi da furfura, ga waɗanda suka zo daga nesa da 'ya'yansu, kowa da tsintsiya ko bokiti, wani yana jan farin layi a kan ciyawa. Daga rukunin ƙasa za su sake farawa. Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba, domin a watan nan ne maƙwabcin Iya ya turo mini hoton gidan. Katanga ta zube, rufin ɗakinta ya rufta, awaki na kwance a inda take salla. Ba ka gane inda tsakar gida ta ƙare, inda hanya ta fara.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar yabon haƙurin tsoho ce. Sai da na kai shekarun Baba na gane ba tsohon take yabo ba, mu take kira, kuma ta bar labarin a buɗe ne don mu samu ta inda za mu shigo.

Bana da sanyi ya shigo na sayi kasko. Na hau bene da 'yata Zulai, mai shekara bakwai, na ba ta labarin 'yan masaƙa, rabi Hausa rabi Larabci. Ta saurara har shayi ya huce, sannan ta ce, "Baba, waɗanda suka tafi sun dawo?"

Na ce, "Na Ingila sun dawo."

Ta zuba mini ido tana jiran in ƙarasa. Na sunkuya ina tona gawayi.