Katifar rimin Inna

Saura sati biyu in tashi zuwa ƙasar da na samu gurbin karatu, na wayi gari da ƙuraje a wuya da damatsa. Na jawo akwatina a ɗakin Inna, inda na koma kwana tun da na fara haɗa kaya, sai ga kuɗin cizo biyu suna tafiyarsu a kan zif hankali kwance, kamar su ma an ba su biza.

Raina ya ɓaci. Abin da na hango kawai shi ne a buɗe akwatin a filin jirgi, Turawa su ga tsarabar da 'yar unguwar Dukawuya ta kawo musu. Ban tsaya wani bincike ba, na nuna katifar Inna. Ta rimi ce, ta girme ni. A kanta ta yi jegonmu mu biyar, a kanta Baba ya yi jinyar ajali. Lokaci-lokaci takan kira mai katifa ya farke ta, ya ƙara rimi, ya sake mata riga.

"Inna, wannan tsohuwar katifar ce. Sau nawa zan ce a yar da ita?"

"Ni dai ba su taɓa cizona ba," in ji ta.

"Ai kin saba ne."

Haka na ce wa mahaifiyata, da bakina. Na kinkimi katifar na hau soro da ita, na yi mata wanka da maganin ƙwari na fiya-fiya da kananzir. A cikin gari kuwa soro ba ya rufa asiri. Maƙwabciyarmu ta leƙo daga nasu soron ta ce, "Hajiya, baƙi kuka yi ne?" Inna ta yi 'yar dariya ta shige ɗaki. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, washegari na sa aka fitar da katifar aka ƙone. Inna ta shimfiɗa tabarma.

Cizo dai bai tsaya ba. Rana ta huɗu na zazzage akwatin kaf, na ɗauko ƙatuwar rigar sanyin da na saya a gwanjo, wadda na ce wa kowa sabuwa ce daga kanti. Na juya cikinta. Bakin ɗinkin ya yi baƙi ƙirin da su, manya da 'ya'ya, har da ƙwai. Na zauna daɓas, na kasa ɗaga kai.

A haka Inna ta same ni. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta fita ta ɗora ruwa a murhu. Ita ta tsoma rigar a tafasasshen ruwa, ita ta bi ɗinkin da tsinke. Da na ɗauka zan hau soro in shanya, sai ta riƙe hannuna.

"A'a. Ɗaura igiya a ɗaki, kada mutane su gani."

Kunya ta hana ni ce mata ta yafe mini. Na dai sayo mata katifar soso mai kauri kafin in tafi, ta yi ta sa mini albarka.

Rigar ta yi mini hunturu uku. Maƙwabta har yau sun ɗauka katifar Hajiya ce ta yi kuɗin cizo, ita kuma ba ta gyara musu zancen ba. Duk lokacin da na kira ta ta bidiyo, a kan tabarma nake samunta, katifar soson tana jingine da bango a bayanta, da ledarta.