Rabi'u Mai Cuku da Ƙafar Baya

Rabi'u Manzo ɗan garin Barmu ne, amma a Tawa aka fi saninsa, a bakin kasuwa, inda yake sauke cukun da yake sarowa wurin matan makiyaya na wajen Takanamat. Tun yana saurayi yake wannan sana'a. Da farko motar kasuwa yake bi, har wani tsohon malamin gona da ya ajiye aiki ya sallama masa babur ɗinsa, irin dogayen nan da ma'aikatan karkara suka yi yayi a da. Fentinsa ya koɗe, sirdinsa an rufe shi da fatar akuya, amma injinsa bai taɓa ba Rabi'u kunya ba.

Ƙafar baya ce ta hana shi sakat. Hanyarsa duwatsu ce da rairayin ƙorama, kuma duk mai babur ya san sai an rage iska kafin a shiga rairayi. To, da ya rage, ya ɗan yi tafiya, sai bakin shambur, wato robar ciki, ya tsinke daga gindi. Ba ƙaya, ba ƙusa. Sau da yawa ya zauna gindin aduwa yana sauya roba, cuku na shan rana, ko kuma ya isa rugage ya tarar matan sun gaji da jira sun sayar wa wani.

Wata rana yana wanke ƙafar sai ya lura da wani ɗan rami a jikin janti, ƙarfen da taya ke zaune a kai, an toshe shi da roba. Ya kai wa Baba Jibrilla, tsohon makanike na kusa da tasha.

"Baba, wanga rami na mi ne?"

"Wurin ƙarfen riƙe taya ne," in ji Jibrilla. "Ni na hidda shi da hannuna sa'ad da malamin gona ya bar hita daji. Na masu tsere ne, ɗana. Tsohon babur irin wanga ba shi da ƙarhin da zai sa taya ta zame. Kuma abin na sa ƙafa rawa bisa kwalta."

Rabi'u bai yi musu da dattijo ba, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya samo ragowar farin fenti, ya ja layi daga taya zuwa janti, gaba da baya, ya kama hanya. Da ya haye ƙoramar farko da kaya ya sauka ya duba. Layin gaba yana nan yadda ya ja shi. Na baya ya rabu biyu, taya ta juya ta bar janti, ta ja bakin shambur har ya karkace.

Haka ya komo da shi bai goge ba. Jibrilla ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya.

"Kaya ne. Malamin gona jaka guda yake ratayawa, kai ko buhuna kake labta mishi."

Ya shiga tarkacensa ya yi ta tono har ya fito da tsohon ƙarfen, ya tsage gida biyu. Suka kai wa Almoustapha mai zuba tukwanen alminiyam, ya danna shi cikin ƙasar zubi ya fitar da sabo, da ƙusa mai zare a tsakiya. Gwajin farko bai yi ba, gefensa ya ci shambur tun kafin a fita gari. Rabi'u ya wuni yana goga shi da magagari, ya lulluɓe shi da tsohuwar roba. Da aka ɗaure, ƙafa ta kama rawar da Jibrilla ya faɗa, sai dattijon ya nannaɗa waya mai nauyi a ɗaya gefen har ta natsu.

A ƙarshen damina ne, lokacin da nono ya yawaita, Rabi'u ya gwada shi da gaske. Ya rage iska fiye da yadda ya taɓa yi, ya shiga rairayi. Babur ya yi ta tafiya kamar a kan tabarma. Ya haye ƙorama bayan ƙorama bai sa ƙafa ƙasa ba, ya tarar da kansa yana waƙa shi kaɗai. Ya isa rugar Kadidiya, babbar masu yin cuku, tana cikin shanyar cuku ta safe.

"Lahiya, Rabi'u? Ko nan kusa ka kwana?"

"Daga Tawa nike, Inna."

Ta kira sauran mata su zo su gani, aka kawo masa ƙwaryar nono.

Labari ya bazu, 'yan kabu-kabu masu haya da babur suka fara zuwa a yi musu irinsa. Rabi'u yakan tambayi mutum inda yake bi. In cikin gari ne, bisa kwalta, da taya cike da iska, sai ya ce ya bar ƙafarsa yadda take, wahala kawai zai ƙara wa kansa ranar faci. In mai shiga daji da kaya ne, sai ya ce a sa a baya, gaba ba ta bukata. Shi kansa bai taɓa sa wa ƙafar gaba ba.

Yanzu yana kaiwa har rijiyoyin da ke arewa da Takanamat, inda a da masu saye ba sa zuwa. Cukun ya yi masa yawa shi kaɗai, sai matarsa Azumi ta kafa rumfa a ƙofar gida, kuma malaman asibiti da na lakwal, wato makaranta, da aka turo daga wasu jihohi wurinta suke sayen tsaraba in za su tafi hutu.