Makulli na Goma Sha Bakwai

Kafin ka hango Tanti Veturia za ka ji ta. Makullai goma sha bakwai ne a zobe ɗaya, rataye a ƙugunta, suna kacau-kacau tun daga layin coci har bakin gada. Shekara talatin ta yi a masaƙar garin Bradeni. Da aka rufe masaƙar, matasa suka watse Italiya da Sifen neman aiki. Duk wanda ya tara abin kirki sai ya dawo ya gina bene, ya kulle, ya damƙa mata makulli, ya koma. Ita ke buɗe tagogi iska ta shiga, ta ba furanni ruwa, ta kori ɓeraye. Masu gidajen sai watan Agusta ake ganin su: mako uku ana ɗaurin aure da ƙarar motoci, daga nan garin ya koma na tsofaffi da karnuka.

Garin ba laifi gare shi. Ruwan rijiyarsa sanyi ƙalau, burodi da ɗuminsa, ba wanda ke sa wa ƙofa sakata da rana. Likita ne kawai babu. Tun rasuwar tsohon likitan shekara biyu ke nan, Veturia kan ɗauki mijinta Gavril, mai ciwon suga da miki a ƙafa, su bi motar safe zuwa birni a wanke masa. Mota ɗaya ce a wuni. Ɗansu Octavian da ke birnin Torino na Italiya ya riga ya yanke magana: in sanyin bana ya shigo babu likita, zai zo ya kwashe su. Gavril kuwa ya rantse ba zai mutu a hawa na biyar na wani bene a can yana kallon rufin mutane ba.

Ran Litinin sai ga likita, wata matashiya mai suna Smaranda, da akwati biyu. Aka nuna mata ɗakin da ke saman asibitin. Ta dubi rufin da ke yoyo, ta dubi bangon da ya yi kore da danshi, ta shaida wa magajin gari cikin ladabi cewa za ta jira zuwa motar Juma'a. In ba a sami gida ba, akwai wani garin da ke neman ta.

Magajin gari ya yi dariya, wai a Bradeni za a rasa gida? Ya aika wa Veturia.

Veturia ba ta taɓa buɗe wa baƙo gidan amana ba, don haka ta ɗauki waya ta bi masu gidajen ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce duwatsun daɓen falonsa daga Italiya aka kawo, shi kansa sai ya cire takalmi. Ta biyu ta ce so ake a ce sun talauce har sun fara ba da haya? Wani ya tambayi inda za su kwana a Agusta. Wata ta ce za ta yi shawara da maigidan, ta kashe waya, ba ta ƙara ɗauka ba. Kowa sai ya yi addu'ar Allah ya sa likitar ta zauna, kowa sai ya nuna gidan maƙwabcinsa.

Kwana uku Veturia ba ta zauna ba. Ta ɗora tuwon masara ta manta da shi har ya kama. Ta je gida guda sau biyu ba furanni ruwa. Ran Alhamis ta zo wucewa, Zamfira, ƙawarta tun zamanin masaƙa, tana zaune a bencin ƙofar gida tana ɓarar wake.

"Mai makullan aljanna, ina aka kwana?"

"Duk sun ƙi, Zamfira."

"Duk? Ni dai sha shida na ƙirga. Ko tsufa ya fara cin lissafinki?"

Veturia ta ce mata ta ji da wakenta, ta wuce da sauri.

Na goma sha bakwai gidan Octavian ne, katanga ɗaya da nasu. Kujerunsa har yau suna cikin leda. A sama akwai gadaje biyu na jikokinta, waɗanda in sun zo sai uban ya fassara mata abin da suke cewa. Sauran gidajen sau ɗaya a mako take leƙawa, wannan kuwa kullum sai ta share shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan Octavian yana cewa baɗi zai dawo gaba ɗaya.

Ta shiga gida ta fita, ta sake shiga. Gavril yana kwance da ƙafa a kan matashi, yana bin ta da ido.

"Tsohuwa, ki zauna mana. Kacau-kacau ɗin nan ya fi mikin damuna."

"Tsoho, in na ba da gidan, ai na ce masa kada ya dawo ke nan."

"In ba ki bayar ba, mu za mu tafi. Wa zai share masa?"

Ta jira lokacin da Octavian ke hutun cin abincin rana, ta kira shi. Ba ta fara da zancen likita ba. Yaushe zai dawo, shi ta tambaya.

"Baɗi, Mama, in Allah ya yarda. Kin san makarantar yara."

Muryar da ya saba ce, ko gargada babu. Sau goma sha ɗaya ta ji wannan amsa, amma yau ta ji ta sosai.

"To, kafin baɗin, likita za ta zauna a gidanka."

Ta zaci faɗa zai yi, har ta shirya masa amsa. Sai ta ji ya sauke wani dogon numfashi irin na wanda aka ɗauke wa kaya daga ka. Abin da ya tambaya kawai shi ne inda za su kwana a Agusta. Ta ce a ɗakin da ya girma, gadon yana nan. Da ta ajiye wayar, numfashin nan ne ya tsaya mata a ƙirji. Da faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Da safiyar Juma'a ta tarar da Smaranda a tasha, akwatunan biyu a gabanta. Veturia ta yi ta kokawa da zoben, makullin gidan Octavian ya ƙi fita, don tun da ya shiga bai taɓa fitowa ba. Sai likitar ce ta sa farce ta zare shi. Motar ta zo, ta ɗauki mutum biyu, ta tafi.

Tare suka yage ledar kujerun. Da la'asar Smaranda ta zagayo ta ƙofar katanga ta wanke wa Gavril ƙafa, yana ta cika baki wai shi tun farko ya san haka za a yi.

Washegari Veturia ta tashi, ta ɗauki tsintsiya kamar kullum, sai da ta kai ƙofar katangar ta ga baƙon labule a taga. Ta tsaya jim. Ta juya ta share nasu tsakar gidan, wanda ta riga ta share, sannan ta rataya makullai goma sha shida ta nufi layin coci, ko da yake ba ranar zagaye ba ce.